Alƙaluman zubar da ciki: wa ya ƙidaya, kuma ƙaƙa ya ƙidaya?

Na san wasu sun baro shayi bisa wuta a fada, wasu daga lakwal suka wuto nan kai tsaye, don haka ba zan yi doguwar shimfiɗa ba.

Maganar da aka ba ni yau mai nauyi ce, irin wadda ba a saba yi a bainar jama'a ba: alƙaluman zubar da ciki. Bari in faɗi iyakata tun daga farko. Ni ba malamin addini ba ne, kuma ba fatawa na zo badawa ba. Hukuncin halal da haram yana wurin malamanmu, kowa ya san ƙofar da zai buga. Abin da ya kawo ni shi ne lamba. Kusan kowane mako sai ka ga wani ya liƙa hoto a WhatsApp ko Facebook, an rubuta da jan rubutu cewa mata kaza ne ke zubar da ciki kowace shekara a gari kaza. Wani ya tura don ya nuna tarbiyya ta lalace. Wani ya tura don ya nuna a canza doka. Su biyun ba wanda ya tsaya ya ce: wa ya ƙidaya? Ƙaƙa ya ƙidaya? Wa ya bari a baya?

Abu ɗaya nake son ku tafi da shi gida. Lambar zubar da ciki tana inganta ne gwargwadon yadda macen da abin ya shafa ta amince cewa faɗin gaskiya ba zai kai ta kaso ba, ba kuma zai kai labarinta unguwa ba. Inda tsoro ya yi yawa, lamba takan ƙanƙance bisa takarda, alhali a zahiri abin yana nan. Duk sauran bayanina hujja ce kan wannan.

Mu fara da sanin cewa lamba iri uku ce, ko da yake a hoto duk kama ɗaya suke yi. Akwai wadda aka ƙidaya: mace ta zo asibiti, an rubuta ta a rajista, ƙarshen wata aka haɗa jimla aka aika sama. Akwai wadda aka tambaya: ma'aikatan anketi sun bi gida gida, sun zaɓi wasu dubban mata, sun yi masu tambayoyi, sannan aka auna amsarsu a kan ƙasa duka. Akwai kuma wadda aka ƙiyasta: masana sun ɗauki guntayen bayanai daga nan da can, suka sa lissafi, suka fitar da abin da ya fi kusa da gaskiya a ganinsu. Kowace tana da amfaninta, kowace kuma tana da inda take yoyo.

Don ku ga yoyon da idonku, mu je Amurka, ƙasar da ba ta rasa kuɗi ko kwamfuta ko ma'aikata ba. Hukumar gwamnatin tarayya mai sa ido kan cututtuka, CDC, ta fara tattara alƙaluman zubar da ciki a 1969. A shekarar 2020 ta ce an yi 620,327. Wata cibiyar bincike mai zaman kanta, Guttmacher, ta ce a wannan shekarar dai an yi 930,160. Ƙasa ɗaya, shekara ɗaya, bambancin ya wuce 300,000. Kuma lokacin zubar da ciki yana bisa doka a duk faɗin ƙasar.

Mi ya kawo wannan rata? Dokar tarayya ba ta tilasta wa jahohi su aika wa CDC alƙalumansu ba, ganin dama ne. Kalifoniya, jahar da ta fi kowace yawan jama'a, ta daɗe da daina aikawa. Haka Merilan da Niw Hamsha. Kenan lambar gwamnati ta fito ba tare da jahar da ke da mutane kusan miliyon 40 ba. A cikin jahohin da ke aikawa ma, kowace da irin takardarta, wata tana bin asibitoci da tsanani, wata ta bar su yadda suka ga dama. Ita kuwa Guttmacher tana bin duk wuraren da ta san ana aikin, ɗaya bayan ɗaya, tana nacin kira har su amsa, waɗanda suka ƙi amsawa ta ƙiyasta nasu. Lambarta ta fi cika, amma ku sani cibiyar tana goyon bayan ƴancin zubar da ciki a fili, shi ya sa abokan hamayyarta ke kallon aikinta da tuhuma, ko da yake su ma da lambobinta suke kafa hujja idan sun tashi magana.

Ranar 24 ga Yuni 2022 kotun ƙolin Amurka ta soke hukuncin 1973 da ya ba da wannan dama a ƙasa baki ɗaya, ta mayar wa kowace jaha ikon yin dokarta. Jahohi fiye da goma suka haramta. A rajistarsu lamba ta faɗi kusan sifiri. Wanda ya kalli wannan rajista kaɗai zai ce magana ta ƙare. Amma a 2023 Guttmacher ta ƙidaya sama da miliyon 1 a ƙasar duka, fiye da 2020. Matan sun tsallaka zuwa jahohin maƙwabta, wasu kuma ƙwayoyi ake aiko masu ta gidan waya. A shekarar nan kashi 63 cikin 100 na abin da aka ƙidaya da ƙwaya aka yi shi. Ƙwayar da aka sha a ɗaki ba tare da wani likita ya sani ba kuwa, babu rajistar da za ta kama ta.

Kada ku ce to a bar rajista a tambayi matan kansu. An gwada. Amurka tana da babban anketi na ƙasa kan aure da haihuwa da ake maimaitawa shekara da shekaru. Da masana suka gwama amsoshin mata da abin da asibitoci suka ƙidaya, sai suka ga matan ba su faɗi ko rabin abin da ya faru ba. Wannan fa a inda ba a ɗaure kowa a kai, kunya kaɗai ta yi wannan aiki. Ku riƙe wannan a zuciya, za mu dawo kansa idan mun iso gida.

To akwai inda tilasta bada rahoto ke aiki? Akwai. A Ingila da Wels, bisa dokar 1967, duk likitan da ya yi aikin dole ya cika takarda ya aika wa babban jami'in lafiya na gwamnati cikin kwana 14. Takardar tana ɗauke da shekarun mace, makonnin cikin, hanyar da aka bi da dalilin da doka ta yarda da shi. Daga nan suke fitar da rahoton shekara: a 2021 sun ce 214,256 ga matan da ke zaune a can. Duniya ta yarda lambarsu tana cikin mafi inganci. Amma ku duba abin da ya riƙe tsarin. Takardar ma'aikatar lafiya take zuwa, ba ofishin ƴan sanda ba. Ana amfani da lambar majinyaciya a madadin sunanta. Idan adadin wani yanki ya yi ƙanƙanta har ana iya gane wace ce, ba a bugawa. Macen ba ta da dalilin gudu, likitan ba ya da dalilin ɓoyewa, shi ya sa lissafi ya cika.

Yanzu mu juya tsabar mu ga ɗaya fuskar. Kalmar "rahoto" tana da ma'ana biyu, kuma haɗa su ne ke kashe mutane. Akwai rahoton ƙidaya, akwai rahoton kai ƙara. A Romaniya, a 1966, gwamnatin Caushesku ta fitar da doka mai lamba 770 da ta haramta zubar da ciki, don yana son jama'a su ƙaru. Shekara ɗaya bayan haka haihuwa ta kusa ninkawa biyu, daga baya ta sake gangarowa. Gwamnati ta sa ido a asibitoci, a shekarun 1980 har wuraren aiki ake bin mata ana duba su don a gano mai ciki a rubuta ta. Abin da ya biyo baya shi ne macen da ta yi a ɓoye, jini ya ɓalle mata, sai ta kwanta a gida don tsoron tambayoyin da ke jiranta a asibiti. An ƙiyasta mata kusan 10,000 suka mutu ta wannan hanya kafin a soke dokar a Disamban 1989, kuma a lokacin Romaniya ce ta fi kowace ƙasar Turai yawan mutuwar mata masu ciki. Gwamnatin da ta fi kowa son sanin abin da ke cikin kowace mace ita ta ƙare da rajista mafi ƙarya.

Misali na biyu daga El Salbado, a Amurka ta Tsakiya, inda aka haramta zubar da ciki ta kowace fuska tun 1998. Wata matalauciya ƴar ƙauye, wadda a shari'a ake kira Manuela don a sakaya sunanta, ta samu matsalar haihuwa a gida a 2008, aka kai ta asibiti tana zubar da jini. Likitar da ta karɓe ta ta kai rahotonta ga hukuma. Aka yanke mata ɗaurin shekara 30, ta mutu a 2010 tana tsare, da ciwon daji. A 2021 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasashen nahiyar Amurka ta ce ƙasar ta yi laifi, kuma cikin laifuffukan har da tona sirrin majinyaciya. Ku sa kanku a matsayin maƙwabciyar Manuela. Gobe idan jini ya ɓalle maki, ko da ɓari ne daga Allah, asibiti za ki nufa ko ɗaki za ki kulle?

Mu dawo gida Nijar. Dokar hukunta laifuka ta ƙasarmu ta tanadi ɗauri ga wanda ya zubar wa mace ciki, da ita macen ma. Dokar lafiyar haihuwa ta 21 ga Yuni 2006 ta buɗe ƙofa biyu kaɗai, bisa shawarar likitoci: idan ci gaban cikin zai jefa rai da lafiyar uwa cikin haɗari, ko idan akwai babbar alama cewa abin da ke cikin yana ɗauke da mummunar cuta. Yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin mata, wadda ta faɗaɗa dalilan, ƙasarmu ta sa mata hannu amma majalisa ba ta amince da ita ba. Wannan shi ne matsayin doka, ko kana so ko ba ka so.

To a irin wannan hali, mi rajistar asibitocinmu ke gani? Ku bi ni a hankali. Mace ta iso CSI da dare, ko an wuce da ita asibitin uwa da yaro na Maradi, ko na Damagaram, ko na Tawa, ko Isaka Gazobi a Yamai. Jini take zubarwa. Ungozoma ta tambaya, ita ko uwarta ta ce ɓari ne. Aka yi mata wankin ciki, aka rubuta ɓari, ƙarshen wata majo ya haɗa jimla ya shigar a kwamfuta ta tafi gunduma, daga can zuwa ma'aikatar lafiya. Ba wanda ya yi ha'inci a nan. Ɓari na gaskiya yana da yawa: cikin kowane ciki goma da mace ta san tana da shi, ɗaya zuwa biyu yakan zube da kansa. Kuma idan da ƙwayar misoprostol aka yi, ko ƙwararren likita ba ya iya bambance shi da ɓari ta hanyar dubawa, domin jiki iri ɗaya yake nunawa. Kenan layin "ɓari" a rajistarmu kwando ne da aka zuba abu biyu ciki, ba mai iya tsince su.

Wannan ma ga wadda ta iso kenan. Wadda ta yi ba ta samu matsala ba, ba ta zo ba. Wadda ta samu matsala amma tana ƙauyen da babu mota, ko babu kuɗin mota, ko tana tsoron idon ƴar unguwarsu da ke aiki a wurin, ita ma ba ta zo ba. Wadda ta mutu a gida, da safe aka yi mata sutura, aka ce zazzaɓi ne ko ciwon ciki. A ƙasarmu mafi yawan mamata ba a yi masu takardar mutuwa a ofishin magajin gari, balle a rubuta sanadi. Anketin ƙasa na 2012 ya nuna kusan haihuwa 3 cikin 10 kaɗai ake yi a asibiti a lokacin. Idan haihuwa, da ake yi wa guɗa da suna da yankan rago, ta kuɓuce wa rajista haka, ina ga abin da ake binnewa a zuciya?

Shi ya sa masana suka nemo dabaru. Ɗaya ita ce a fara daga asibiti a yi lissafi baya. A ƙidaya duk matan da aka yi wa jinya bayan zubewar ciki a shekara, a cire adadin da ake sa ran ɓari ne na gaskiya, sannan a tambayi ungozomomi da likitoci da masu sanin gari: cikin mata nawa da suka zubar, nawa ke isowa asibiti? Misali kawai nake badawa: idan sun ce ɗaya cikin biyar, sai a ninka abin da ya rage sau biyar. Da wannan hanya aka ce Najeriya ta yi miliyon 1.25 a 2012, wato 33 cikin kowace mace 1,000, aka ce Senegal 51,500 a shekarar, wato 17 cikin 1,000. Kun ga inda raunin yake: lambar ninkawar ra'ayin mutane ce. Da sun ce huɗu maimakon biyar, jimlar ƙasa duka ta sauka da kashi 20 cikin 100.

Dabara ta biyu ita ce ta ƙawa. Ba za a ce wa mace "ke kin taɓa yi?" kaɗai ba. Za a ce ta tuna aminiyarta ta kusa, wadda suke faɗa wa juna sirri, kada ta faɗi sunanta, sannan a tambaye ta game da ita. Mutum ya fi sakin baki kan wani bisa kan kansa. An yi amfani da irin wannan a Wagadugu tun farkon shekarun 2000. An kuma yi shi a nan Nijar, a anketin PMA da Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa, INS, ta gudanar tare da jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Ga abin da ya fito game da shekarar 2021. Da aka tambayi mata kan kansu, lamba ta ba da 0.4 cikin 1,000. Da aka bi ta kan ƙawayensu, ta ba da 6.7 cikin 1,000. Mata ɗaya, masu tambaya ɗaya, rana ɗaya, amma bambanci ya kusa ninki 17. Abin da ya canza kawai shi ne wa ake magana a kai. Kuma binciken ya nuna kusan 9 cikin 10 na waɗannan an yi su ta hanyar da ba ta da aminci ga lafiya.

Kada wani ya fita nan ya ce 6.7 ita ce gaskiya tsantsa. Akwai macen da ko aminiyarta ba ta faɗa wa ba. Akwai wadda a wurinta abin da ta yi "dawo da al'ada" ne, ba ta kiransa da wancan suna. Akwai kuma yiwuwar ƙawa ta yi zato ta faɗa kamar sani. Kada kuma wani ya ɗauki 6.7 ɗinmu ya jera da 33 na Najeriya ya buga ƙirji, domin hanyar auna su ba ɗaya ba ce, shekarun ma ba ɗaya ba ne. Mudun Maradi da tiyar Damagaram duk awo ne, amma mai hankali ba ya haɗa lissafinsu sai ya san girman kowane. A Najeriyar ma, da aka bi hanyar ƙawa bayan ƴan shekaru, lamba ta haura 40 cikin 1,000.

Haka manyan lambobin duniya suke. Za ku ji an ce OMS ta ce ana zubar da ciki miliyon 73 kowace shekara. Gaskiya ne ta faɗa, bisa wani bincike da aka buga a 2020 kan shekarun 2015 zuwa 2019. Amma ƙiyasi ne, masu binciken da kansu sun ce gaskiyar tana tsakanin kusan miliyon 67 da miliyon 82. Haka rabon mutuwar mata masu ciki da ake dangantawa da zubar da ciki marar aminci: OMS ta taɓa cewa tsakanin kashi 4.7 da kashi 13.2 cikin 100. Mai son ya tsorata ku zai ɗauki 13, mai son ya kwantar da maganar zai ɗauki 5. Masanin kirki yakan ba ka duka biyun ya ce ga iyakar abin da awo ya kai. Duk lambar da ta zo maku ita kaɗai, ba ƙasa ba sama, ku tambayi inda aka yar da sauran.

Kuma kada ku zaci ɓangare ɗaya ne ke wasa da lamba. A Amurka kafin 1973, masu neman a halatta sun yi ta yaɗa cewa mata 5,000 zuwa 10,000 ke mutuwa kowace shekara ta zubar da ciki na ɓoye. Ɗaya daga cikin jagororinsu, likita Bernard Nathanson, wanda daga baya ya sauya sheƙa, ya rubuta a 1979 cewa ya san lambar ba gaskiya ba ce. Abin da CDC ta rubuta a 1972 shi ne mutuwa 39 ta wannan hanya, kuma ko an ce rajista ta rasa wasu, tsakanin 39 da 5,000 tafiya ce mai nisa. A ɗaya ɓangaren, masu adawa sun daɗe suna cewa zubar da ciki na jawo ciwon dajin nono, kuma akwai bincike na farko da suka nuna kamar haka. Da aka duba sosai, sai aka gano matan da ke fama da ciwon, saboda suna neman sanadin abin da ya same su, sun fi faɗin gaskiyar tarihinsu, masu lafiya kuma suna ɓoyewa. A Danmak, inda komai ke rubuce a rajista tun kafin ciwo ya zo, an bi mata miliyon 1.5 a wani bincike na 1997, ba a ga alaƙa ba. A 2004 aka haɗa bincike 53 daga ƙasashe 16, sakamako ya zama ɗaya. Ɓoyewar mata kaɗai ta haifi wata "hujjar kimiyya" da ta yi shekaru tana yawo.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da duk wannan lissafi? Ruwanmu shi ne da lamba ake raba kasafi. Idan takarda ta ce matsalar ba ta kai komai ba, ba za a sayi isassun kayan wankin ciki ba, ba za a horar da ungozomar CSI na ƙauye ba, ba za a ajiye jini ba, ba za a zuba mai a motar ɗaukar marasa lafiya ba. Kuma kayan da ke ceton wadda ta zubar da gangan su ne dai ke ceton matar aure mai ƴaƴa shida da ɓari ya zo mata tsakar dare. Jinin da ya ɓalle ba ya tambayar dalili. A ƙasar da anketin 2012 ya ba da mutuwar uwa 535 cikin haihuwa 100,000, ba mu da rarar matan da za mu yi asara don rajista ta yi kyau. Jinyar mace bayan zubewar ciki ba laifi ba ce a dokarmu. Taron duniya kan yawan jama'a da aka yi a Alƙahira a 1994, wanda ƙasashen Musulmi da dama suka halarta, ya amince cewa ko mi dokar ƙasa ta ce, macen da ta samu matsala a yi mata jinya mai kyau.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata ƙungiyoyin farar hula irin tamu su nema, kuma ba ya buƙatar a taɓa ko harafi ɗaya na dokar 2006. Na farko, a riƙa buga alƙaluman jinyar bayan zubewar ciki da na mutuwar mata masu ciki, jaha jaha, a kan lokaci, cikin harshen da ɗan jarida da ɗan majalisa za su gane, ba tare da suna ko wata alamar da za a gane mace ba. Na biyu, asibitocin kuɗi su ma su riƙa aika nasu, domin a birane mata da yawa can suke zuwa. Na uku, kuma shi ne ginshiƙi, a raba rajistar asibiti da teburin jandarma. Sirrin majinyaci amana ce da ma'aikacin lafiya ya yi rantsuwa a kanta. Ranar da mata suka fahimci cewa littafin ungozoma yana iya zama takardar tuhuma, daga ranar littafin ya daina faɗin gaskiya, kuma matan sun daina zuwa da wuri. Na huɗu, duk macen da ta mutu da ciki ko bayan haihuwa a binciki sanadi don gyara, ba don a nemo wanda za a rataya wa laifi ba, in ba haka ba ma'aikata su ma za su koyi ɓoyewa.

Ku kuma da ke riƙe da salula, aikinku ya fi sauƙi. Kafin ka tura lamba, tambayi kanka: wa ya fitar da ita, kuma mi yake so? Ƙidaya ce, tambaya ce, ko ƙiyasi? Ta wace shekara ce, ta wane gari? Cikin mata nawa? Ɓari yana ciki ko an cire? Idan ka ga lamba ta tashi bayan an sassauta doka, kamar yadda Benin ta yi a 2021, tambayi ko abin ne ya ƙaru ko kuwa wanda ke ɓoye ne ya shigo rajista. Idan ka ga ta faɗi bayan an tsananta, tambayi ina matan suka koma. Idan hoton bai amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, bar shi ya mutu a wayarka.

Ga ƴan'uwana mata kuma, da ku maza masu ƙanne da mata da ɗiya: duk macen da ke da ciki ta ga jini mai yawa, ko zazzaɓi, ko ciwon mara mai tsanani, ko ruwa mai wari, a kai ta asibiti a daren, kada a jira gari ya waye, kada a tsaya bincike a tsakar gida. Tambayoyi suna iya jira, jini ba ya jira.

Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, wadda kuma ba ta son ta yi a gaban jama'a ta rubuta a takarda ba suna ta miƙo, za mu karanta mu amsa. Allah ya ba matanmu lafiya, ya sauki masu ciki lafiya.